Haƙuri Ne Guzurin Mai Tuƙa Kansa Cikin Gandun Daji

Kalmar safari, wadda Turawa ke kiran yawon kallon namun daji da ita, daga Suwahili suka aro ta, Suwahili kuwa daga Larabci, daga tushen da ya ba Hausa kalmar safara. Ke nan sunan ba baƙonmu ba ne. Baƙon shi ne aikin kansa: mutum ya yi hayar mota, ya ɗauki iyalinsa, ya kutsa dawa da taswira a hannu, ba direba, ba ɗan jagora. Duk wanda ya gaji da hutun kantunan Dubai da Landan, ya fara tunanin irin wannan tafiya, ya yi tunani mai kyau. Sai dai muna jan hankalinsa cewa tafiya ce da ke gwada tarbiyyar mutum fiye da aljihunsa.

Ga mai farawa, da wuya a sami wurin da ya kai gandun Kruger na Afirka ta Kudu sauƙi. An kafa shi a matsayin gandun ƙasa a 1926. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 19,000, wato kusan girman Jihar Kano, tsawonsa daga kudu zuwa arewa kuwa kimanin kilomita 360. Manyan hanyoyinsa na kwalta ne, don haka ƙaramar mota ma ta isa. A sansanoni irin su Skukuza da Satara akwai masauki da kanti da gidan mai. A dajin kuma akwai zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, ga raƙumin dawa da dorina.

Shiri tun daga gida yake farawa. Ɗan Nijeriya na buƙatar biza da katin rigakafin shawara. Hukumar gandayen ƙasar na buɗe rajistar masauki watanni 11 kafin lokaci, kuma sansanonin kudu kan cika da wuri, saboda haka al'adarmu ta "in mun isa ma gani" ba za ta kai kowa ko'ina ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Mayu zuwa Satumba, sa'ad da muke damina su kuwa suna hunturu: ciyawa ta bushe, dabbobi sun taru a bakin ruwa, amma sanyin asuba sai da rigar sanyi. A can hannun hagu ake tuƙi, abin da muka bari tun 1972, don haka ya kamata baƙo ya huta, hannunsa ya saba, kafin ya kama doguwar hanya daga Johannesburg. Yankin na da zazzaɓin cizon sauro, a nemi shawarar likita musamman saboda yara.

Babbar jarrabawa kuwa tana bayan ƙofar gandu. Iyakar gudu kilomita 50 ne a awa a kan kwalta, 40 a hanyar tsakuwa. Tsakanin Skukuza da Satara kimanin kilomita 90 ne, tazarar da direbanmu zai cinye cikin awa guda, amma mai kallo na gaskiya sai ya ware mata awa uku zuwa huɗu, domin garken giwaye na iya tare hanya, kuma ba a yi musu oda. Ana rufe ƙofofi da faɗuwar rana, wanda ya makara tara ce ke jiransa, ko wane ne shi. An haramta ciyar da dabbobi, an haramta sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Ko salla ce, sai matafiyi ya tsara tafiyarsa yadda lokacinta zai riske shi a sansani ko a wurin hutawa irin Tshokwane.

Waɗannan dokoki ba na ado ba ne. A ƙarshen 2013 wata giwa ta kifar da motar wasu baƙi a Kruger, mace ɗaya ta ji rauni, daga baya aka harbe giwar. Idan tazara ta ƙare tsakanin mota da dabba, mutum na iya rasa ransa, dabbar ma ta rasa nata. Wanda ya saba da jiniya, da shiga gaban layi, da tambayar "ka san ko ni wane ne?" ya ajiye wannan hali a filin jirgi, domin giwa ba ta san muƙami ba. Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci: wanda ya kashe inji a bakin tafki ya yi shiru na rabin awa, shi kan ga abin da mai sauri ya wuce.

Akwai kuma abin dawowa da shi gida bayan hotuna. Yankari da ke Jihar Bauchi an keɓe shi tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ga giwaye, ga ruwan ɗumi na Wikki. Wanda ya ga yadda bin doka da kula da hanya ke raya gandu har ya riƙa jawo baƙi daga ko'ina, ya fi kowa cancantar tambayar hukumominmu abin da ya hana namu kai wa haka, kuma ya fi kowa cancantar nuna misali idan ya kai iyalinsa can. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.