Arziki Ba Ya Tsirowa a Tukunyar Gadali

A wasu gidaje na Talata Mafara, Bakura da Maradun, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akan tarar da tukunya a lungun ɗaki ko bayan rumbu, an dasa gadali a cikinta. Ana shayar da shi nono, ana yi masa magana, da fatan ya jawo ciniki, farin jini ko mallakar miji. Yanzu kuma wayoyin hannu sun kawo mana sabon salo: shuke-shuken ado da ake tallatawa da sunan masu jawo kuɗi da sa'a, waɗanda tushensu camfin Sinawa ne game da tsarin gida. Suna ne ya bambanta, amma cutar ɗaya ce.

Mun fahimci abin da ke ingiza mutane. Rashin tsaro ya raba da yawa da gonakinsu, tsadar rayuwa ta matsa, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Sai dai wannan takobin imani yake yankewa.

Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid al-Laisi cewa a kan hanyar Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, wasu sababbin musulunta sun wuce wata magarya da mushirikai ke rataya makamansu a kanta don neman albarka, ana kiranta Zatu Anwaɗ. Suka roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu irinta. Ya yi musu inkari mai tsanani, ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila da suka nemi Annabi Musa (AS) ya sanya musu abin bauta. Haka nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta wa'azi a wannan ƙasa tamu a kan girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka.

Malamai sun bambance hukuncin. Wanda ya ƙudurce cewa shukar da kanta take bayar da arziki, ya faɗa babbar shirka. Wanda ya ɗauke ta sababi kawai, alhali Shari'a ba ta tabbatar ba, hankali ma bai shaida ba, ya faɗa ƙaramar shirka. Duka biyun suna buƙatar tuba.

Mu mutanen Bakolori mun fi kowa sanin sababi na gaskiya. Tun da aka kammala madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato a 1978, babu manomin da ya girbi shinkafa ba tare da ban ruwa, taki da guminsa ba, sannan ya bar sauran ga Allah. Wannan shi ne tawakkali.

Ba mu hana shuka a gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum, tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi. Mu dasa zogale don miya, lalle don ado, dogonyaro don inuwa, furanni don ƙawa.

Muna kira ga magidanta su duba gidajensu, malaman Islamiyya su yi wa mata da matasa bayani cikin hikima, ba tare da gaggawar kafirta kowa ba. Wanda ya riƙi tukunyar gadali da wannan nufi, ya zubar da ita, ya nemi buɗi ta hanyar istigfari, sada zumunci da sana'ar halal.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya zaunar da Zamfara lafiya.