Najeriya: Abin da ke jefa masu aikin wuta cikin haɗari

Alƙaluman hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, sun nuna cewa fiye da mutum 100 ne suka rasa rayukansu a haɗurran wutar lantarki a shekarar 2023, haka kuma a 2024.

Waɗanda suka mutu sun haɗa da jama'ar gari da ma'aikatan kamfanonin wuta.

Sai dai alƙaluman sun dogara ne ga rahotannin da kamfanonin ke miƙa wa hukumar, don haka da wuya su ƙunshi masu gyaran wuta na cikin unguwanni, waɗanda akasarinsu a hannun maigida suka koyi sana'ar.

Layin da ake zaton babu wuta

Wutar da ke shiga gidaje a Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, yayin da wayoyin da ke kai wuta ga taransifomomi ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000.

Ko wutar gida ma ta isa ta yi kisa, domin abin da bai kai kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya ba kan iya rikita bugun zuciya idan ya ratsa ƙirji.

Kafin haka ma wutar kan ɗaure jijiyoyin hannu, ta yadda mutum ba zai iya sakin wayar da ya kama ba.

Babbar matsalar a Najeriya ita ce yawan ɗauke wuta, wanda ya sa mai gyara kan hau turke ya kama aiki bisa zaton babu wuta a layin, alhali ana iya maido da ita a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba.

Akwai kuma batun janareto. Idan aka haɗa shi da wayoyin gida ba tare da makunnin da ke raba gidan da babban layi ba, wutarsa kan koma baya ta shiga wayoyin unguwa.

Idan ta isa taransifoma, sai ya ɗaga ƙarfinta zuwa dubban bolt a kan layin da kamfani ya riga ya kashe.

Yaɗuwar na'urorin hasken rana ta ƙara wani haɗarin, tun da faifan na ci gaba da samar da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe komai a gidan.

Ban da jan wuta, akwai tartsatsin da kan tashi idan ƙarfe ya haɗa wayoyi biyu, wanda zafinsa kan iya kai maki 19,000 a ma'aunin Salshiyos, ya ƙona mutum ko da bai taɓa waya ba.

Ƙa'idojin aiki

Ƙa'idar da aka sani a ko'ina ita ce a kashe wutar, a sa kwaɗo a kan makunnin, a gwada layin da na'ura, sannan a haɗa shi da ƙasa kafin a taɓa shi.

A Birtaniya, dokar aikin lantarki ta 1989 ta hana aiki a kan waya mai wuta, sai idan kashe ta ba zai yiwu ba kuma an ɗauki matakan kariya.

A wannan shekarar ce kuma Amurka ta fitar da ƙa'idar kulle makunni da rataya masa alamar gargaɗi a masana'antu.

Ita ma Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta 11 a shekarar 2013, an kafa hukumar NEMSA da dokar 2015 domin duba ingancin kayan wuta da tantance masu haɗa su.

Dokar biyan diyya ta 2010 kuma ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu a bakin aiki.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce wannan kariya ba ta kai wa ga mafi yawan masu taɓa waya a kullum.

Mai gyaran da jama'ar unguwa suka yi karo-karo suka kira domin ya gyara musu layi ba shi da ikon sa a kashe wutar daga tasha, kuma ba shi da wata hanyar sanin lokacin da za a kawo ta.

Sau da yawa ba shi da safar hannu ta roba, ko hular kwano, ko ɗamarar da za ta riƙe shi a jikin turke, kuma idan ya faɗo babu asusun da zai biya shi.

Masu gidaje da shaguna ma kan matsa a yi gyara ba tare da kashe wuta ba, saboda gudun asarar 'yan sa'o'in da ake samun ta.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa nasu hukumomin kula da harkar wuta, kuma tuni wasu, kamar Legas da Enugu, suka karɓi wannan iko daga NERC.

Abin jira a gani shi ne ko sababbin hukumomin za su tsaya ga batun farashin wuta kawai, ko kuwa za su yi wa masu gyara na unguwanni rajista, su horar da su, su kuma tilasta sa makunnin raba layi a duk gidan da ke da janareto.