Namiji A Bakin Murhu: Sai Dariya Kawai?

A Ingila, gasar yin kek ta talbijin, The Great British Bake Off, wadda aka soma a 2010, har littattafan soyayya ta haifar. A 2022 Alexis Hall ya fitar da Paris Daillencourt Is About to Crumble, labarin wasu samari biyu 'yan gasa da suka kamu da son juna.

Irin wannan labari dai ba mai taɓa shi a nan. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a tun 1999, dokar tarayya ta 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi.

Amma fa akwai abin dubawa. A fim ɗin Hausa, da namiji ya riƙe ludayi shi ke nan ya zama abin dariya, kamar yadda marigayi Ibro ya yi a Ibro Ɗan Daudu. Alhali a tashar Shinkafi da ta Ƙauran Namoda akwai magidantan da tukunya ce ke riƙe da gidajensu. Abin da yaro ya gani a fim, da shi zai tsokane su.

To furodusoshi, ga labari nan a ƙasa: gasar girki, jarumi mai neman halaliyarsa. Wa zai ɗauka?