A Kula Da Yaran Hutu A Bakin Binuwai

Kowace shekara, da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sukan ɗora 'ya'yansu a mota su tura su gida wajen kakanni. Wannan al'ada ce mai kyau. Amma mutanen Wuro Hausa da sauran unguwannin Yola da Jimeta ya kamata su tuna cewa babban hutu yana faɗowa ne daidai lokacin da Binuwai ke cika.

A watannin Agusta da Satumba kogin yakan haura gaɓa, balle idan Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo, kamar yadda ta yi a 2012 da 2022. Ruwa ya malale fadama, ya haɗe kududdufai da uwar kogi. To, ta nan kada ke samun hanya zuwa wurin da bara ba shi. Saboda haka maganar "nan muka yi wanka muna yara" ba hujja ba ce.

Kada ba ya farauta da gudu, da haƙuri yake yi. Yakan kwanta a ruwan da bai kai ƙugu ba, ba abin da ke waje sai ido da hanci, yana lura da mashayar da ake zuwa kullum a lokaci guda. Ya fi kai hari da magariba, da dare, da kuma asuba, wato daidai lokacin da kifi ke cin fatsa, yara ke ɗokin fita. Babba yana tsaye ya fi ƙarfin ƙaramin kada; yaron da ya tsuguna yana wanke hannu kuwa, girmansa bai wuce na akuya ba. Ɗan masunci ya san wannan tun yana goye. Ɗan Agege da ya zo hutu bai taɓa ganin kada ba sai a talabijin.

Don haka kada a bar yaro ya je su shi kaɗai. Mai fatsa ya ja da baya daga bakin ruwa kamar taku biyar. A daina feɗe kifi ana zuba hanji a mashaya, domin kiran kada ke nan a yi masa walima. In an shiga kwalekwale yaro ya zauna tsakiya, ba sa hannu ko ƙafa a ruwa, kuma a tambayi Sarkin Ruwa inda aka ga kada ko dorina kwanan nan. Tambaya ba ta cin ko kwabo.

Gaskiya dai ruwan kansa ya fi kada kisa. A watan Satumba 2023 kwalekwale ya kife a tafkin Njuwa, kusa da Yola, aka yi asarar rayuka. Uban da ya iya sayen takalmin Sallah a kasuwar Ikko, ya iya sa rigar hana nutsewa cikin jakar ɗansa.

Mazauna bakin ruwan Epe da Badagiri su ma kada su saki jiki. Kadan da ake gani ɗaure a kasuwar kifi ta Epe, daga ruwayen yankin ake kamo shi.

Ƙananan hukumomin Yola ta Kudu da Yola ta Arewa su kafa alluna a mashayu, da Hausa da Fillanci da hoton kada, tun kafin motocin hutu su fara isowa.