Takalmin Ƙwallo: Fili Ne Ke Zaɓe, Ba Sunan Ɗan Wasa Ba

Duk shekara idan makarantu suka tafi dogon hutu, musamman a watannin Yuli da Agusta, unguwanninmu na Yawunde sukan ɗauki haramar gasar hutu. Daga Briqueterie zuwa Tsinga, daga Mokolo zuwa Cité Verte, da zarar an yi la'asar ba ka jin komai sai ƙarar usur da sowar yara. A daidai wannan lokaci ne kasuwar takalmin ƙwallo, wanda yaranmu ke kira godas, take buɗewa, kuma a daidai lokacin ne mu ma a gidan rediyo muke fara karɓar koke-koken iyaye.

A hutun da ya wuce wani dattijo, tela a nan Briqueterie, ya same mu bayan mun gama shirin wasanni, riƙe da takalmi a cikin leda. Ya ce mana, "Malam, ku duba abin da na saya wa ɗana. Mai kanti ya rantse mini irinsa manyan 'yan wasa suke sawa." Muka juya takalmin muka ga haƙora shida na ƙarfe, dogaye, masu ƙyalli. Yaron nan ɗan shekara 13 ne, karo na farko ke nan da aka sa shi a ƙungiyar unguwa, kuma filin da suke wasa a Cité Verte jar ƙasa ce mai tauri kamar daɓe. A wasa na biyu ya yi targaɗe a idon sawu, ya ƙarasa hutun a zaune yana kallon 'yan uwansa. Kuɗin ɗinkin sati biyu suka tafi, ga kuma kuɗin magani.

Ba mu kawo wannan labari don mu tozarta kowa ba. Mun kawo shi ne domin mun san cewa yawancin takalman da ake sayarwa a Mokolo da sauran kasuwanninmu ta hannun 'yan uwanmu fatake suke biyowa, wasu ta Amchide da Fotokol, wasu ta Ekok, wasu kuma daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, daga nan su zarce zuwa Kusiri da Garwa-Bulai da Kiye-Osi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: sabon ɗan wasa ba ya buƙatar takalmin da ya fi kowane tsada, ba ya kuma buƙatar na banza. Matsakaici yake buƙata, wanda tafinsa ya dace da filin da zai taka. Kuma ɗan kasuwar da ya fahimci haka, ya riƙa sarowa da bayani a kan haka, shi ne zai daɗe yana cin kasuwa.

Da farko dai ya kamata mu sani cewa su kansu manyan kamfanonin hawa-hawa suke yin takalmansu. Kamfanin Nike yana da Elite a sama, sai Pro, sai Academy, sai Club a ƙasa. Adidas ma yana da Elite da Pro da League da Club. Puma kuma yana da Ultimate da Pro da Match da Play. Launi ɗaya ne, zane ɗaya ne, daga nesa ba ka bambancewa, amma kuɗin na sama yakan ninka na tsakiya har fiye da sau biyu. Na saman an yi shi ne da siririyar fata marar nauyi, domin ƙwararren da ke wasa a kan ciyawar da ake shayarwa kullum, irin ta filin Ahmadu Ahijo ko ta Olembe, wanda kuma idan takalmi ya yage wani za a miƙo masa. Ka ɗauki wannan takalmi ka kai shi kan tsakuwar unguwa, ai ka sa babbar riga ne ka shiga gona. Na tsakiyar kuwa, wato irin su Academy da League da Match, fatarsu ta fi kauri, sun fi jure gurza, kuma yaron da bai gama koyon tsayar da ƙwallo ba babu abin da zai rasa a cikinsu.

Abu na biyu, kuma wanda ya fi muhimmanci, shi ne tafin takalmi. A jikin kwali ko a cikin harshen takalmin akwai haruffa biyu da yawancinmu ba mu kula da su, alhali su ne suke faɗin filin da aka yi shi dominsa. Idan ka ga SG, to na ciyawa ce mai laushi wadda ta sha ruwa, shi ne mai dogayen haƙoran ƙarfe, irin wanda telan nan ya saya. FG na ciyawa ce busasshiya, haƙoransa na roba ne matsakaita. AG na ciyawar roba ne, haƙoransa gajeru kuma zagayayyu. MG an yi shi ne ya ɗauki fili fiye da iri ɗaya. TF kuwa tafinsa cike yake da ƙananan ƙurajen roba masu yawa, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai tauri. Sai IC ko IN, mai shafaffen tafi, na wasa a kan daɓen siminti ko cikin zaure.

Dalilin wannan bambanci a bayyane yake. Aikin haƙori shi ne ya nutse cikin ƙasa ya riƙe ƙafa. Idan ƙasa ta yi tauri bai nutse ba, to yaro yana tsaye ne a kan ƙusoshi shida, nauyinsa duka ya taru a kansu, tafin ƙafa ya yi ta ciwo, da ya juya da gudu kuma sai idon sawu ya karkace. Idan kuma aka sa mai dogayen haƙora a ciyawar roba, sai ya kama fiye da kima, jiki ya juya ƙafa ta ƙi juyawa, gwiwa ta ɗauki wahalar. Shi kuwa mai ƙananan haƙora da yawa, yana raba nauyin jiki ne a ko'ina cikin tafin.

Masu bin tarihin ƙwallo za su tuna wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1954 a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda Jamus ta Yamma ta ci Hangari 3 da 2. An yi ruwan sama a ranar, fili ya jiƙe, su kuwa Jamusawa suna da takalman Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, waɗanda ake kwance haƙoransu a ɗaura dogaye idan fili ya yi laushi. Darasin da ke nan shi ne, ko a wancan mataki filin aka duba kafin a zaɓi haƙori. To mu wane fili muke da shi? A Yawunde jar ƙasa ce wadda take ƙanƙarewa da rani, ta yi santsi a damunar Maris zuwa Yuni da ta Satumba zuwa Nuwamba. A Garwa da Marwa da Kusiri kuwa rani ne mai tsawo, fili ko dai yashi ko fako. Ke nan a mafi yawan kwanakin shekara, TF ko MG ne abokin tafiyar yaranmu. Abin mamaki, a shirye-shiryenmu mun sha tambayar masu saye, kaɗan ne suka taɓa jin mai kanti ya tambaye su a wane fili za a yi wasan.

Abu na uku shi ne awo. Mu iyaye muna da wata al'ada ta sayen takalmi da ƙarin lamba biyu, wai don yaro ya girma a ciki. Wannan dabara tana iya yin aiki a takalmin Sallah, amma a ƙwallo ƙafa ce za ta yi ta yawo a ciki, ta yi bororo, yaro kuma ya kasa sanin inda ƙwallo take taɓa shi. A gwada takalmi da safar da za a yi wasa da ita, a bar tazarar da ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba a gaba. A kuma lura cewa yaran da suka tashi da silifa ko ƙafa ba takalmi, galibi ƙafarsu tana da faɗi, alhali wasu takalman gudu, irin su Mercurial, matsattsu ne. Irin su Copa da Tiempo da King sun fi sakewa. Sannan lambar Turai daban take da ta Ingila: 42 a lissafin Turai ita ce kusan 8 a lissafin Ingila. Mai sarowa daga Nijeriya yana sayarwa a Kamaru dole ya riƙe wannan, domin kwalaye suna zuwa da duka biyun.

Wannan ƙa'ida ta farawa da matsakaici ba a ƙwallon ƙafa kaɗai take ba. A Amurka akwai wani wasa da ake jefa faifan roba daga nesa zuwa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda aka buɗe filinsa na farko a jihar Kalifoniya a 1975, ya kuma bazu sosai har zuwa ƙasar Finlan. Fayafayan nasu iri-iri ne: akwai na dogon zango mai kaifin baki, akwai na matsakaicin zango, akwai na jefawa cikin kwando daga kusa. Kowane sabon shiga na dogon zangon yake sha'awa, domin shi yake gani a hannun zakaru. Amma masu koyarwa sukan ce ya fara da matsakaici mai tafiya miƙe, irin su Buzzz da kamfanin Discraft ya fitar a 2003, domin na dogon zango sai hannu mai ƙarfin jifa yake yi wa biyayya, a hannun ɗan koyo kuwa karkacewa yake yi ya faɗi tun bai je ko'ina ba. Kayan zakara sai zakara. Haka abin yake a faifai, haka yake a godas.

Mun san abin da wasu 'yan uwa 'yan kasuwa za su ce, domin sun sha faɗa mana. Za su ce, "Malam, abin da mai saye yake nema muke kawowa. Yaro ya ga Vincent Abubakar ya ci ƙwallo takwas a gasar Afirka da aka yi a nan gida a farkon 2022, ya ga ya ci Barazil a Katar a ƙarshen shekarar, irin takalmin manya yake so, mu kuma mu ce masa a'a?" Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Yaro launi da zane yake so, kuma launin nan da zanen nan akwai su a matsakaicin takalmi mai tafin TF. Ba a hana shi burinsa ba, an dai kare masa ƙafarsa. Shi kansa Abubakar ɗin a Coton Sport ta Garwa ya yi suna kafin ya tafi Faransa a 2010, kuma ƙafa da horo ne suka kai shi, takalmi daga baya ya biyo.

Wasu kuma za su ce talaka ba zai iya sayen ko da na tsakiyar ba, shi ya sa kwaikwayo mai araha ya cika kasuwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina sayar da mai araha ba. Abin da muke cewa shi ne a kira kowane kaya da sunansa. Idan kwaikwayo ne a ce kwaikwayo ne, mai saye ya san abin da ya saya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan gwanjo ne a bar shi ya lanƙwasa tafin ya ga ko ya tsage, ya duba ko haƙoran sun cinye ta gefe ɗaya, ya ja bakin ya ga ko gam ya saki. Sau da yawa gwanjo mai lafiya na matsakaicin aji ya fi sabon kwaikwayo daɗewa. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a ɗauki kwaikwayo a rantse cewa orijina ne, a karɓi kuɗin orijina. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a unguwa irin tamu labari ba ya kwana. Telan nan da muka ambata, duk wanda ya zauna a shagonsa ya ji sunan kantin da ya sayar masa.

Saboda haka muna ba 'yan uwanmu masu sarowa shawara guda huɗu. Na ɗaya, idan za a yi sari, a bar mafi yawan jarin a matsakaicin aji mai tafin TF da MG, a rage masu haƙoran ƙarfe, domin filayen da suke buƙatarsu 'yan kaɗan ne. Na biyu, a koya wa yaran kanti haruffan nan, ba su kai goma ba, rana ɗaya ta isa. Na uku, kafin a faɗi kuɗi a yi wa mai saye tambaya biyu: a wane fili za a yi wasa, kuma yaushe yaron ya fara? Na huɗu, a ajiye abin kare ƙwauri kusa da takalmi, domin dokar ƙwallo ta huɗu ta wajabta shi tare da safa da takalmi, kuma uban da ya sayi matsakaici zai sami canjin da zai haɗa da shi. Ga ciniki biyu a maimakon ɗaya, ga yaro ya fita fili da kariya.

Su kuma iyaye, kada kunya ta hana mu tambaya. Ba ragi kaɗai ake nema a kasuwa ba, har da bayani. A tafi da yaron a gwada masa, a juya takalmi a dubi tafinsa kafin a dubi launinsa. Masu horar da ƙungiyoyin unguwa su ma suna da nasu nauyin: su duba ƙafafun yara kafin a busa usur, su mayar da duk wanda ya zo da haƙoran ƙarfe a kan fako, domin ba kansa kaɗai zai ji wa ciwo ba, har da ƙwaurin ɗan wani.

Daga ƙarshe, ƙafar yaro tana girma, a bana lamba 38, baɗi 40. Wanda ka sayar wa na gaskiya a bana, shi ne zai dawo baɗi, ya zo da ƙanensa da abokan ƙungiyarsa goma. Wanda kuwa ka sayar wa abin da ya kwantar da ɗansa, ka ci ribar rana ɗaya ka rufe ƙofar shekara goma. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma kare mana yaranmu a filin wasa, amin.