Kafin ku ɗora buhu a tirela, ku dubi ƙafar tarakta

Jama'a 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu saye da sayar da hatsi, yau maganar bakanike na kawo muku, amma aljihunku ta shafa. Duk mai bin hanyar Hawandawaki zuwa Tasawa da kaka ya san yadda tsofaffin taraktoci ke komawa motocin haya da zarar an gama aikin gona. A maƙala tirela, a loda gero da wake da gyaɗa, masu kaya su hau bisa buhuna. A cikinsu har da Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975. Ta girmi direbanta, kuma injinta bai gaji ba. Abin da ke kayar da ita a hanya ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba.

A kakar bara na hau irin wannan tirela tare da wata gwaggona mai sayar da wake. Ba mu yi nisa ba ƙafar gaba ta fara kuka, sai wari, sai tayar ta karkace. A gindin gawo muka yini. Kafin a samo wata mota kasuwa ta watse, masu saye sun cika buhunansu a wajen wasu. Direba ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma da aka buɗe ƙafar na ga yashi cikin giris da idona.

Kowace ƙafar gaba tana juyawa ne a kan boris biyu, wanda wasunmu ke kira ruluma: babba a ciki, ƙarami a waje. Bayan na ciki akwai zoben roba, aikinsa ya riƙe giris ya hana ƙura shiga. To ƙasarmu jigawa ce, ga ƙurar hunturu. Idan zoben nan ya bushe ya tsage, yashi ya haɗu da giris, sai ya riƙa niƙa ƙarfe kamar dutsen niƙa. Mai tarakta ya sayi sabon boris, ya ce a mayar masa da tsohon zobe don ya rage 'yan daloli. Nan ya saye wa kansa, da ku, wani yinin a daji. In boris ya ƙone ya ci sandar da ƙafar ke zaune a kai, gyaran ya tashi daga ɗaruruwa ya koma jikkuna masu yawa, kuma a kuɗin dako za a fanshe.

Na san uzurinsu. Kayan gyara da yawa daga Kano suke zuwa, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya sa mutane sun saba da lallaɓa tsoho. Amma zobe shi ne mafi araha a duk aikin. Ku masu shagon kayan gyara a Tasawa da Mayahi da Maraɗi, ku daina sayar da boris shi kaɗai. Ku haɗa shi da zobensa, kuɗi ɗaya. Bakanike kuma ya wanke wurin tas da kananzir, ya canza boris har da mazauninsa, ya cusa sabon giris, ya ɗaure noti yana juya tayar, sannan ya ɗan sassauta kafin ya sa ƙusar makulli.

Ke kuwa Hajiya, ba sai kin riƙe sifana ba. Idan taraktar ta iso daga wani gari, ki sa yaronki ya taɓa tsakiyar ƙafar gaba. In ta yi zafin da hannu ba zai zauna ba, ko kin ga baƙin maiko ya zubo ta bayan tayar, ki bar buhunanki a ƙasa, ki jira amalanken shanu.