Wa Ya Ci Amanar Firdausi?

Masu cewa Behzad Ranjbaran ya sayar da gadon Farisa, don ya ɗora labaran Shahnameh kan goge da ƙahon Turawa, sun manta yadda littafin ya samu. Firdausi bai ƙago Rustam ko Siyawash ba. Tsofaffin labarai ya tarar, waɗanda suka girmi zuwan Musulunci Iran, ya zuba su cikin dubban baitoci da haruffan Larabci, ya kammala wajen shekarar 1010. In sake wa labari riga cin amana ne, da shi za a fara tuhuma.

Ranjbaran, haifaffen Tehran a 1955, sawunsa ya bi a "Persian Trilogy", kiɗan da makaɗan London Symphony suka naɗa. Lalle akwai hasara, domin wasu sautukan kiɗan gargajiyar Iran ba su zama daram a ma'aunin Turawa. Amma ga riba: mutumin da bai san Farisanci ba yau yana jimamin Siyawash, yariman da aka yi wa ƙazafi, aka kashe a Turan. Gadon da aka kulle cikin adaka, asu ne zai gaje shi.